Daga gujiya zuwa wake: abin da kafe ido wuri ɗaya ya jawo wa kasuwancin jihar Maraɗi

Da kaka ta kama, kasuwannin ƙauyukan gundumar Mayahi kan cika da amalanke da jakuna ɗauke da gero, dawa, wake da riɗi. A ƙaramar hukumar Tchake, kamar a sauran garuruwan Mayahi da Tasawa, a ƴan makonnin nan ne ƴan kasuwa ke zuba jarin shekara: su auni hatsi tiya-tiya a hannun manoma, su ɗinke buhu, su jibge a mangaza, su zauna jiran bazara farashi ya tashi. Wanda ya canka daidai ya sami riba. Wanda ya kuskure, wani lokacin har uwar kuɗin takan tafi, kuma sau da yawa kuɗin ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai na ƴan uwa da bashin abokan hulɗa a ciki.

Abin lura shi ne yadda ake yanke wannan shawara. Galibi mai jari shi kaɗai yake yanke ta. In ma ya tambaya, abokan sana'arsa yake tambaya, waɗanda suke zama rumfa ɗaya, suke sayen kaya iri ɗaya, suke kai wa kasuwa ɗaya. Masana harkar kasuwanci sun daɗe suna gargaɗi kan wannan hali na kafe ido a wuri ɗaya. Mai shi kamar mai leƙe ne ta kafar zana: abin da ke gabansa yana ganinsa tar, amma wanda ke tafe ta gefe sai ya iso kansa zai sani. Jihar Maraɗi ba ta buƙatar aron misali daga Turai ko Amurka don gane wannan. Ta taɓa ɗanɗana kuɗarsa, kuma akwai dattawan da suka ga abin da idonsu.

Zamanin da gujiya ce komai

Tun daga shekarun 1930, gujiya, wato gyaɗa, ta zama ginshiƙin arzikin yankin. Turawan mulkin mallaka sun ce a biya lanho da tsabar kuɗi, hanya mafi sauƙi ta samun kuɗin kuwa ita ce noma gujiya a sayar wa kamfanoni irin su CFAO da SCOA. Kamfanonin ba sa shiga ƙauyuka da kansu, sai su ba ƴan ƙasa kuɗi su sayo musu. Daga cikin waɗannan masu sayen ne manyan alhazan Maraɗi na farko suka fito, kamar yadda masanin nan Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa kan alhazan birnin, wanda ya fito a 1986.

Bayan samun ƴancin kai, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin ya riƙe cinikin gujiya. A shekarun 1960 fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga kayan da take fitarwa waje daga gujiya yake zuwa. Aka sami masana'antun matse mai a Maraɗi, Matamai da Magarya, aka kafa wurin ɓarar gujiya a Cadawa. Motocin dako, bashin banki, aikin gona na hukuma, duk a kan gujiya aka tsara su.

Sai fari ya zo, ya tsananta a 1973. Kafin a farfaɗo, a 1975 cutar kuturtar gujiya, wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta cinye gonaki a kudancin Nijar da arewacin Najeriya baki ɗaya. A wannan zamani ne dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Masana'antun mai suka wayi gari babu isasshiyar gujiyar da za su matse, SONARA ya yi ta rarrafe har ya durƙushe.

Ba wata shawara da za ta hana fari ko ta kori annoba, wannan gaskiya ne. Amma alamun gajiyar gujiya sun riga fari bayyana, kuma akwai waɗanda suke ganinsu. Manomi ya san gonarsa ta daina ba da abin da take bayarwa, domin jama'a sun yawaita, daji ya ƙare, an daina barin ƙasa ta huta. Binciken da Claude Raynaut ya jagoranta a ƙauyukan jihar a shekarun 1970, ciki har da Sarkin Hausa na gundumar Mayahi, ya tabbatar da wannan matsi a kan gonaki. Manomin ya kuma san farashin da gwamnati ke yankewa ya daɗe bai motsa ba, alhali komai yana tsada. Shi ya sa wasu suka riƙa ƙetarawa da gujiyarsu Najeriya idan farashi ya fi kyau a can, wasu kuma suka rage mata fili suka ƙara wa gero. Masu tsara harkar sun ɗauki wannan a matsayin taurin kai da fasa-ƙwauri, abin da za a magance da doka. Da an tsaya an tambayi manomin dalilinsa, da an ji labarin da babu shi a takardun ofis.

Akwai kuma matan gida. Tun ana ganiyar ciniki suna soya gujiya suna matse mai da hannu, suna yin ƙuli-ƙuli, yara suna talla. Masana'antu suna yi musu kallon masu rage musu kaya. Yau ga shi sana'ar matan tana nan daram a kowace unguwa ta Tasawa da Mayahi, domin su cikin mutanen gari suke sayarwa, ba su dogara da jirgin ruwan da zai tafi Faransa ba.

Alhazan da suka tsira su ne waɗanda idonsu bai tsaya kan buhun gujiya ba. Tun lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, da hanyoyin kudancin Najeriya suka rikice, wasu suka fara kai kaya arewacin ƙasar. Daga baya suka shiga fiton atamfa da taba daga tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, da cinikin dabbobi da na wake. Grégoire ya jawo hankali kan abin da su kansu suke kira arzikin mutane: yawan barori, dillalai, direbobi da masu masauki da attajiri yake da su a garuruwa daban-daban. An fi kallon waɗannan mutane a matsayin hannuwan da ke yi wa maigida aiki. Amma su ne kuma kunnuwansa. Attajirin da ke da mutum a Jibiya, wani a Kano, wani a Kwatano, kuma yake sauraronsu, yakan ji sauyin kasuwa kafin ya iso ƙofarsa.

Wake, da maganar mai dafa shi

Abin da ya gaji gujiya a gonakin jigawa irin na Tchake shi ne wake, wanda a da ake ɗan tsarmawa tsakanin gero. Yana jure ƙarancin ruwa, harawarsa kuɗi ce, ga kasuwa a buɗe a Najeriya, musamman Dawanau ta Kano. Sai dai shi ma ya zo da nasa tarkon.

Babban abokin gabar mai ajiyar wake shi ne ƙwaro. Buhun da aka ajiye da kaka yana iya zama gari da huji kafin bazara. Ɗan kasuwar da ya kafe ido a kan ƙwaron kaɗai, amsarsa guda ce: a zuba magani, in bai ji ba a ƙara. Haka aka yi ta barbaɗa wa wake magungunan ƙwari, har da irin fiya-fiya da ba a yi su don abinci ba. Lissafin mai mangaza ya fita, tunda ƙwaro ya mutu. Wadda ba a saka a lissafin ba ita ce matar da za ta jiƙa waken ta yi ƙosai ko alala, ita da ta fi kowa sanin warin magani idan ta buɗe buhu, da iyalan da za su ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Kasuwar ƙasa guda ta rufe saboda abin da kowace mai ƙosai za ta iya faɗa kyauta.

Mafitar ta zo ne daga haɗuwar mutanen da ba su saba zama tare ba. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Larry Murdock, sun yi aiki da takwarorinsu a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, suna duba dabarun da manoma ke amfani da su wajen ajiya. Daga nan aka fito da buhu mai ninki uku da ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa tam. Iska ta ƙare wa ƙwaro, ya daina ci ya daina haihuwa, ba tare da ko ɗigon magani ba. Daga 2007 aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma, kuma cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi tana cikin waɗanda suka gwada shi ƙauye-ƙauye. Yadda aka yi gwajin ma abin koyi ne: a ɗaure buhunan wake a gaban jama'a, a bar su watanni, sannan a tara gari a kwance su kowa ya gani, ya taɓa, ya shinshina.

Kututturen da kowa ke takawa

Misali mafi shahara daga jihar bai fito daga kasuwa ba, amma ya taɓa aljihun kowane manomi da mai sayar da itace. Bayan farin shekarun 1970, ayyukan raya karkara sun zuba kuɗi mai yawa wajen renon ƴaƴan itatuwa da dasa su. Yawancin dashen ya mutu, rana ta ƙone, iska ta binne, awaki suka cinye sauran. Duk da haka kowace shekara amsar ita ce a ƙara dasawa, domin an riga an yanke cewa matsalar rashin dashe ce.

Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, yana cikin masu wannan dashe. A 1983, ya tsaya a hanya yana rage wa tayoyin motarsa iska don ya ratsa rairayi, sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefe. Da ya duba, ya ga ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa tana raye a ƙasa. Irin waɗannan kututture sun cika gonaki, kowace shekara ana sassabe tohonsu ana ƙonewa. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Wannan ne aka sani da sassaben zamani.

Shi ma Rinaudo bai tsira daga kuskuren kallon gefe guda ba. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci, manoma suka bar itatuwa dubbai a gonaki, amma da rabon ya ƙare sai mafi yawansu suka sare. Suna da dalilansu. Dokar daji ta lokacin ta mai da itace dukiyar gwamnati, mutum ya rena itace a gonarsa amma in ya sare reshe a ci shi tara, ga ɓarayin itace da dare. Sai da aka saurari wannan koke, aka sassauta yadda ake aiki da dokar, aka bar kowane manomi ya zaɓi irin itacen da yake so da yawan da zai bari, sannan abin ya kama. A Ɗan Saga ta gundumar Agye, kwamitocin tsaron itatuwa sun haɗa da mata da makiyaya, domin su ne masu ɗebo itacen girki da masu kiwo, kuma dokar da aka yi ba da su ba, ba za ta kwana ba. Binciken da aka yi daga baya da hotunan tauraron ɗan adam ya ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood.

Haka labarin Mata Masu Dubara yake, a taƙaice. Ƙungiyar CARE ta fara shi a jihar Maraɗi a 1991, kuma maimakon a kawo wa mata jari daga waje, sai aka gina a kan asusun da suka riga suka iya: zubi kowane mako, rance ga ƴan ƙungiya, rabo a ƙarshen zagaye. Bankuna ba su ɗauki matan karkara a matsayin abokan ciniki ba. Yau tsarin da aka fara da su ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Me ke hana maigida ji?

Idan sauraro yana da wannan amfani, me ya sa yake wuya? Wani ɓangare na amsar yana cikin tarbiyya. Yaron shago ba ya musu da ubangidansa, ƙane ba ya gyara wa wa magana a gaban mutane, mace ba ta cika tsoma baki a harkar mangaza ba. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Karin maganar tana da gaskiyarta a sha'anin rayuwa, sai dai a kasuwa yaron ne yake tsaye a bakin awo tun safe, shi yake jin abin da masu saye ke gunaguni a kai, shi ya san wane kaya ne ya kwana uku ba a taya ba. Idan ya san faɗar haka zai jawo masa tsawa, zai ce komai lafiya lau, Alhaji. Maigida ya koma gida da labari mai daɗi wanda ba shi da amfani.

Ɗaya ɓangaren kuma nasara ce da kanta. Wanda ya ci riba shekara biyar a jere da ajiyar wake, da wuya a gaya masa cewa bana ta bambanta. Ga kuma majalisa: mutum goma da ke sayen kaya ɗaya, suke jin labari daga dillali ɗaya, idan suka yarda da juna ra'ayi ɗaya ne aka maimaita sau goma. Zaman yana kwantar da hankali, amma ba ya ƙara wa kowa sani.

Ƴan kasuwar da suka iya wannan abu ba taro suke kira ba. Sukan keɓe yaro su tambaye shi shi kaɗai, inda kunya ba za ta ɗaure masa baki ba. Sukan sauya tambayar: maimakon su ce ya ka ga wannan shawara tawa, sai su ce in kayan nan suka yi kwantai, me kake jin zai jawo. Tambaya ta farko yabo take nema, ta biyu kuwa tana ba mutum izinin faɗar abin da yake tsoro. Sukan tsaya da direban da ya dawo daga iyaka, da ɗan canji da ya san inda naira ta dosa, da makiyayin da ya ratso arewa ya ga yadda damina ta yi a can, da mai abincin da ke sayen tiya biyu kullum. Farashin da hukumar SIMA ke tattarawa daga kasuwannin ƙasa shi ma ido ne na daban, ga wanda ya damu ya bi shi. Abu mafi wuya shi ne ranar da aka kawo labari marar daɗi. Yadda maigida ya karɓe shi a ranar, shi zai nuna ko za a sake kawo masa wani.

Wannan ba ya nufin a bi maganar kowa. Shawara ɗaukar ɗaki ce, amma ɗakin yana da mai shi, kuma shi zai kwana a ciki. Dillali yana da la'adarsa a rai, direba yana son a yi lodi, wani kuma jita-jita kawai ya kwaso a tasha. Aikin mai jari ne ya san inda kowane mai magana yake tsaye da abin da zai samu, ya auna, sannan ya yanke. Wanda ya tsaya sai kowa ya yarda, kaka za ta wuce bai sayi ko tiya ba.

Hanya ɗaya zuwa kudu

Inda wannan magana ta fi shafar ƴan kasuwar Tchake, Mayahi da Tasawa a yau shi ne dogaro da hanya ɗaya. Kusan duk lissafin wake, riɗi da dabbobi yana ƙarewa ne a Najeriya, kuma hanyar ta sha rufewa. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986. An sake rufewa a watan Agustan 2019, kuma ko da aka buɗe wasu ƙofofi a Disamban 2020, ta Jibiya, wadda Maraɗi ta fi dogara da ita, sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake datse ta har zuwa Maris na 2024. A Oktoban 2024 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi, har da wake, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Tsakanin waɗannan duka, faɗuwar darajar naira ta sha cinye ribar wanda ya sayi kaya da sefa ya sayar da naira.

Kasuwar kudu tana iya juyawa ta wata fuskar ma. A 2005, masu sa ido sun fi duba yawan abin da aka girbe a gonakin Nijar, suka ga giɓin bai kai na tashin hankali ba. Abin da ya kuɓuce musu shi ne tsadar hatsi a arewacin Najeriya, wadda ta hana gero shigowa kamar yadda aka saba, har ta ja na gida zuwa can. Hatsi yana nan a kasuwa amma talaka ba ya iya saye, kuma jihar Maraɗi, rumbun ƙasa, ita ta fi yawan yara masu tamowa a shekarar. Dillalan hatsi da direbobin hanyar Katsina sun riga kowa ganin motoci sun sauya alƙibla.

Yanzu ido ya koma kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. A rumfunan kasuwa an fi zancen yadda zai sauƙaƙa kai wake da dabbobi Kano. Masu motocin dako, ƴan kamasho da masu ƙananan shaguna suna da wata tambayar, wadda ba a cika yi musu ba: jirgin da ya sauke wake a Kano, da wane kaya zai dawo, a wane farashi, kuma cinikin wa zai karɓe idan ya iso.